Pamir: Yadda Katafaren Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Iska Ya Yi Shekara 52 Yana Neman Abinci A Teku

Duk wanda ya taɓa ganin hoton irin manyan jiragen ruwan nan na da, masu dogayen ginshiƙai da fararen ƙyallaye a shimfiɗe iska ta cika su, abun da ke fara zuwa ransa shine kyau. Ni ma haka ne, sai daga baya da na zauna na bi tarihin guda ɗaya daga cikinsu tun daga ranar da aka sake shi cikin ruwa har ranar da ya nitse, sannan na gane ashe waɗannan jirage motocin dakon kaya ne kawai, tirelolin zamaninsu, kuma duk rayuwarsu lissafin riba da faɗuwa ce. Jirgin da nake magana sunansa Pamir, na Jamusawa, kuma ina so in warware yadda irin wannan jirgi yake aiki, me yake ɗauka, su waye a cikinsa, ta yaya ya ci gaba da samun kuɗi alhali jirage masu inji sun riga sun mamaye teku, da kuma abun da ya kai shi ƙasa.

An ƙera Pamir a birnin Hambag, a kamfanin Blohm & Voss, aka sake shi a ruwa ranar 29 ga Yuli 1905, mai shi kuma kamfanin F. Laeisz ne, wanda yawancin jiragensa sunansu da harafin P yake farawa, irin su Passat da Peking da Padua da Preussen. Tsawonsa ya kai mita 114 da rabi, wato ya ɗara filin ƙwallo, faɗinsa wajen mita 14, gangar jikinsa ƙarfe ce zalla ba katako ba, yana da ginshiƙai huɗu, dogayen ciki sun haura mita 51 daga saman daɓen jirgin, kaga kenan kamar bene mai hawa goma sha biyar. A jikin ginshiƙan akwai sandunan ƙarfe a gicciye, babbar ciki faɗinta mita 28, a kansu ake ɗaura filafilai, wato waɗannan manyan ƙyallaye masu kauri kamar tamfol da ke kama iska, idan aka haɗa faɗinsu gaba ɗaya ya kai murabba'in mita 3,800. A lokacin babu injin da ke tura shi ko kaɗan. In iska ta yi kyau yana iya gudun kusan kilomita 30 a awa, amma tafiyarsa ta yau da kullum bata wuce 15 zuwa 17 ba.

Toh tambayar da ta kamata mutum ya yi ita ce, a 1905, shekara 36 bayan buɗe mashigin Suwez na Masar da ya gajarta wa jirage hanya tsakanin Turai da Asiya, lokacin da jirage masu tururi suka riga suka ƙwace fasinja da wasiƙu da shayi da duk wani kaya mai tsada, wane ɗan kasuwa ne zai zuba kuɗinsa a jirgin da ke jiran iska? Amsar tana cikin kwal. Jirgi mai tururi sai ya ci kwal kafin ya motsa, kuma kwal ɗin sayensa ake, sannan yana cinye wurin da ya kamata a zuba kaya, sannan in tafiyar ta yi nisa dole a riƙa tsayawa a tashoshi ana ƙarawa. Saboda haka akwai wasu hanyoyi masu nisan gaske da kaya masu nauyi marasa tsada waɗanda in mai tururi ya ɗauka ribar a kwal zata ƙare. Nan ne mai iska yake da bakin magana, domin iska kyauta ce, kuma kayan da yake ɗauka basa gaggawa, basa ruɓewa, ko sun yi wata uku a hanya ba wanda zai yi kuka. Kamar dai yadda ayarin raƙuman gishirin Bilma ya daɗe yana tafiya bayan zuwan mota, don raƙumi baya shan mai kuma gishiri baya lalacewa.

Kayan da Pamir ya fara rayuwa a kansu wani irin gishiri ne da ake kira naitiret, ana haƙo shi a hamadar Atakama da ke arewacin ƙasar Cile, wurin da ruwan sama kusan baya sauka shi yasa gishirin ya taru bai narke ba. Turai na matuƙar buƙatarsa saboda abu biyu, takin zamani da albarushi, har yaƙi sai da aka gwabza a kansa daga 1879 tsakanin Cile a gefe guda da Peru da Bolibiya a ɗaya gefen. Jirgin zai tashi daga Hambag da kayan masarufi, ya gangara tekun Atlantika, ya zagaya ƙasan Kudancin Amurka ta Kef Hon, ya hau zuwa Balparaiso da Ikike, ya sauke, ya cika cikinsa da buhunan naitiret ya juyo. Kafin 1914 ya yi irin wannan zuwa sau takwas, kowace tafiya ɗaya tana cin kwana 64 zuwa 70.

Kef Hon ɗin nan sai na ɗan tsaya a kansa, don shine ma'aunin kowane jirgi da kowane ma'aikaci. A wannan yanki iska daga yamma take kaɗawa kusan kullum, kuma babu wata ƙasa da zata tare ta, zagaye duniya take yi tana tara igiyar ruwa, ga sanyi ga ƙanƙara ga duhu a lokacin hunturu. Mai zuwa Cile daga Turai yamma zai nufa, wato kai tsaye cikin bakin iskar, kuma jirgi mai filafilai baya iya shiga iska gaba da gaba, sai dai ya riƙa karkacewa, ya yi kudu ya juyo ya yi arewa, yana satar hanya kaɗan kaɗan, wani lokaci abun da aka samu a kwana uku guguwar dare ɗaya ta mayar da shi baya. Wani jirgin Laeisz mai suna Priwall ya taɓa tsallake wannan yanki cikin kwana 5 da awa 14 a 1938, har yau ana ambatonsa, amma wani jirgin Jamus mai suna Susanna a 1905 sai da ya yi kwana 99 yana fama a wurin. Kaga tazarar da ke tsakanin sa'a da rashinta a wuri ɗaya.

Yanzu bari mu shiga cikin jirgin. Abun mamaki shine duk girman nan mutum talatin da 'yan kai ne suke sarrafa shi, wani lokaci ma basu kai ba. Akwai kyaftin, sai mataimakansa, sai kuku, sai kafinta, sai mai ɗinkin filafilai wanda aikinsa kenan dare da rana yana faci yana ɗinka sababbi da allura ƙatuwa, sai maƙeri, sauran kuma ma'aikatan igiya da yara masu koyo. Ana raba su gida biyu, rabi na aiki rabi na hutawa, a haka ake juyawa ba dare ba rana har a isa, sai dai hutun na baki ne, domin da zarar iska ta canza ko ta yi ƙarfi za'a ƙwala kira kowa ya fito, ko yanzu ka kwanta.

Ka ɗauka tsakar dare ne a kudancin teku, an ce a naɗe filafili na sama. Yaro ɗan shekara 17 zai kama tsanin igiya ya hau mita 40, jirgin na tangaɗi yana kai shi dama yana dawo da shi hagu, in ya isa sandar gicciyen sai ya taka wata wayar ƙarfe guda ɗaya da ke rataye a ƙarƙashinta, ya kifa cikinsa a kan sandar, ya matsa gefe, abokansa na biye da shi a jere, duk wanda ya tako wayar sai ta girgiza sauran. Ƙyallen ya jiƙe ya daskare ya yi tauri kamar busasshiyar fata, iska na fizgarsa yana dukan fuska, su kuma da hannu tsirara zasu riƙa damƙowa suna tattarowa suna cusawa ƙarƙashin ciki har su ɗaure, farce na tsagewa, yatsu na fashewa, gishiri na shiga. Ba bel ɗin tsaro, kuma a irin wannan yanayi wanda ya faɗa ruwa shikenan, don juya jirgi mai wannan girma cikin guguwa ba abu ne mai yiwuwa a kan lokaci ba. In ya sauko ma ba lafiya ya tarar ba, jirgin da aka cika da kaya yana nutsewa sosai cikin ruwa, igiya na haurowa ta share daɓen har ƙugu, shi yasa aka yi wa irin su Pamir ɗaki a tsakiya da siraran gadoji a sama da ke haɗa gaba da tsakiya da baya, don mutane su wuce ruwa bai kwashe su ba.

In kuma an shigo wurin zafi inda iska ke kaɗawa a natse, sai aikin ya koma kankare tsatsa da guduma, fenti, shafa man igiya, canza filafilai masu ƙarfi a saka tsofaffi don kar rana ta cinye na kirki. A kusa da tsakiyar duniya akwai yankin da iska ke ɗaukewa ɗif, jirgi ya yi kwanaki a tsaye, ana ta juya sanduna ana farautar 'yar iskar da ta gifta. Abinci kuwa tunda babu firij, naman gishiri ne da busasshen biskit da wake da dankali, sai 'yan dabbobi da kaji da ake kiwo a jirgin ana yankawa jefi jefi, ruwan sha da awo ake bayarwa, in an yi ruwan sama kowa ya fito da bokiti. Abun da ya sa mutane kaɗan suka iya wannan aiki shine dabarun da aka ƙara a ƙarshen zamanin, igiyoyin waya maimakon na zare, da wasu na'urorin naɗe igiya da ake juyawa da hannu, mutum huɗu su yi abun da a da sai goma sha. Amma ko da su, ƙarfin ɗan adam ne injin jirgin, kuma a ganina wannan ne sirri na biyu bayan iskar kyauta, wato arahar mutanen da ke ciki.

Yaƙin duniya na ɗaya ya riski Pamir a hanyar dawowa, ya fake a tsibirin La Palma cikin tsibiran Kanari, ya zauna nan daga 1914 har 1920. Da aka gama aka miƙa shi ga Italiya a matsayin diyyar yaƙi, su kuma suka rasa yadda zasu yi da shi, sai Laeisz ya sake saye shi a 1924 a kan fam 7,000 ya mayar da shi hanyar Cile. Sai dai kasuwar ta riga ta fara mutuwa ta fuska biyu. Jamusawa da kansu, Fritz Haber da Carl Bosch, sun gano yadda ake haɗa sinadarin taki daga iskar da muke shaƙa, masana'antar farko ta fara aiki a 1913, wato asalin irin takin yuriyar da manomanmu ke sakawa masara yau. Sannan mashigin Panama ya buɗe a 1914, masu inji suka samu gajeriyar hanya zuwa Cile ba sai sun bi Kef Hon ba.

A 1931 aka sayar da shi ga Gustaf Erikson, wani mai jirage a garin Mariehamn na tsibiran Oland a ƙasar Finland, kuma wannan mutum ya fahimci lissafin fiye da kowa. Sayen jiragen yake a kusan kuɗin ƙarfen bola lokacin da kowa ke gudunsu, baya yi musu inshora, yana ɗaukar ma'aikata kaɗan, kuma da yawa daga cikin yaran su ne ma suke biyansa kuɗi don ya ɗauke su, saboda a wasu ƙasashen Turai a lokacin ba'a baka takardar zama jami'in jirgi sai ka yi aiki a mai filafilai. Kayan da ya rage musu shine alkamar kudancin Ostireliya. Jirgi zai tafi kusan wayam, da yashi ko duwatsu a cikinsa don kar ya kife, ya isa ƙananan tashoshi irin su Port Victoria da Port Lincoln da Wallaroo, a yi makonni ana kawo buhuna da ƙananan jirage ana jerawa, abun da mai inji ba zai iya jira ba don kowace rana asara ce gare shi. In ya cika sai ya bi iskar yamma ta tura shi ta Kef Hon zuwa Falmouth a Ingila ko Queenstown a Ailan, a can ne za'a gaya masa tashar da zai sauke, domin kafin ya iso mai yiwuwa an sayar da alkamar an sake sayarwa tana kan ruwa, jirgin ya zama rumbu mai tafiya kenan. Jaridu suka mayar da abun gasa, wanda ya fi sauri shine Parma da kwana 83 a 1933, amma kwana ɗari da 'yan kai shine aka saba, zuwa ɗaya a shekara.

Yaƙi na biyu ya sake cafke shi, ranar 3 ga Agusta 1941 gwamnatin Niyu Zilan ta ƙwace shi a tashar Wellington saboda Finland ta koma ɓangaren Jamus, ya yi tafiya goma ƙarƙashin tutarsu, yawanci zuwa San Faransisko da Bankuba, sai a 1948 aka mayar wa kamfanin Erikson, shi kuma mai kamfanin ya riga ya rasu a 1947. A 1949 Pamir ya ɗauko sha'ir daga Port Victoria, ya zagaya Kef Hon ranar 11 ga Yuli, ya isa Falmouth bayan kwana 128, kuma shine jirgin kasuwanci na ƙarshe marar inji da ya bi ta nan da kaya. Albashi ya tashi, dokokin aiki sun canza, lissafin ya daina fita. A 1951 har an sayar da shi da Passat ga masu farfasa jirage a Beljiyam, sai wani ɗan kasuwar Jamus Heinz Schliewen ya ceto su ya saka musu ƙaramin inji, bai daɗe ba ya karye, daga nan wata gidauniya ta masu jirage kusan 40 ta karɓe su, suna dakon hatsi daga Ajantina suna kuma horar da matasa.

Ranar 10 ga Agusta 1957 Pamir ya bar Buenos Aires zuwa Hambag da mutum 86, 52 daga ciki ɗalibai ne matasa. Ya ɗauko sha'ir tan 3,780, in ka lissafa da tirela mai tan 30 ya kai tirela 126, kuma a nan ne matsalar take, domin a zube aka zuba shi ba a buhu ba, tan 255 kacal ne a buhuna aka jera a sama don su danne. A zamanin Erikson buhu buhu ake jerawa a matse. Ga shi kuma ma'aikatan tashar suna yajin aiki a lokacin, ba ƙwararrun da suka saba ne suka yi lodin ba, sannan har tankin da ake cika wa ruwa a ƙasan jirgin don ya daidaita shi an cika shi da sha'ir. Kyaftin ɗin da ya saba da jirgin bashi da lafiya, wanda ya karɓa, Johannes Diebitsch, ya san filafilai tun yana saurayi amma bai daɗe yana jagorantar irin wannan babban jirgin dakon kaya ba.

Duk wanda ya taɓa zuba gero a ƙwarya ya karkata ta ya san abun da zan faɗa. Hatsi a zube gudu yake kamar ruwa, amma ruwa in ka miƙe ƙwaryar yana dawowa daidai, shi kuwa hatsi inda ya gangara nan yake zama. Sha'ir ma ya fi alkama santsi. Kuma bayan makonni ana girgiza shi a teku yana lafawa, sai sarari ya buɗe a samansa, wurin gangarawa ya samu. Ranar 21 ga Satumba guguwar da aka sa wa suna Carrie ta riske su a tsakiyar Atlantika, kimanin kilomita 1,100 kudu maso yammacin tsibiran Azores, tun basu gama rage filafilai ba. Iska ta kwantar da jirgin hagu, sha'ir ya bi, ya ƙi dawowa, kowace igiya ta ƙara tura shi, kamar mangalar da ta rinjaya gefe guda a bayan jaki, tankin da za'a cika da ruwa a taimaka kuma a cike yake da hatsi. Ruwa ya fara shiga ta ƙofofi, sun samu sun aika kiran neman agaji ta rediyo, wajen ƙarfe ɗaya na rana ya kife.

An yi kwana tara ana nema, jirage da yawa daga ƙasashe daban daban suka shiga, mutum shida kawai aka samu da rai a cikin kwale-kwalen ceto guda biyu da suka farfashe, biyar wani jirgin kaya na Amurka mai suna Saxon ya tsamo su, ɗaya kuma jirgin tsaron gaɓar Amurka Absecon. Mutum 80 suka tafi, har da kyaftin da duk jami'ansa, kuma mafi yawansu yara ne da iyayensu suka tura koyon sana'a, wannan ne ke tsaya min a rai duk lokacin da na tuna.

Hukumar binciken haɗurran teku ta birnin Lubek a Jamus ta ɗora laifin a kan yadda aka yi lodi da matakan da kyaftin ya ɗauka. Wasu sun ƙi yarda, suna cewa jirgin ya tsufa yana yoyo kuma gidauniyar bata da kuɗin gyaran da ya kamata, sun fi ganin an jingina wa mamaci laifi don ba zai iya kare kansa ba. Ni dai ina ganin duk bakin zaren wuri ɗaya suke komawa. Jirgin nan ya tsallake Kef Hon sau da dama cikin guguwa bai kife ba, lokacin da ake da masu lodin da suka san buhu da jami'an da suka girma a kan sandar gicciye da kamfanin da ke samun ribar da zai yi gyara, a 1957 kuwa duk ukun sun yi ƙaranci, aka koma zuba hatsi a zube don ya fi sauri ya fi araha, irin lodin da aka tsara don jirgi mai inji wanda baya tafiya a karkace, alhali mai filafilai a karkace yake tafiya dama can.

Makonni kaɗan bayan haka Passat ma, ɗauke da sha'ir daga Ajantina, ya gamu da guguwa kayansa suka gangara, da ƙyar ya lallaɓa ya shiga Lisbon, daga wannan tafiya bai sake ɗaukar kaya ba. Yau yana ɗaure a tashar Travemunde ta Jamus mutane na shiga kallo, Peking an dawo da shi Hambag a 2020, Padua kuma har yanzu yana yawo a hannun Rasha da sunan Kruzenshtern. Na Pamir kuwa cikin abun da ya rage akwai ɗaya daga cikin kwale-kwalen ceton nan, a farfashe yadda aka tsamo shi, yana ajiye a cocin Jakobi da ke Lubek tare da sunayen mutum 80 ɗin.